Ba Mu Haye Gadar Wudil Ba

Mu biyar ne a wurin ranar, in an haɗa da Malam. Akwai ni. Akwai Malam, maigidana, kwance a kujerar baya, kansa a kan cinyata. Akwai ɗana na fari, mai motar, wanda ban taɓa faɗin sunansa ba tun da na haife shi, kuma ba yau zan fara ba. Akwai autata, da ta baro ɗakin mijinta a Daurawa don ta raka mu. Na biyar shi ne mai gyaran esi, wato na'urar sanyaya mota, wani siririn mutum mai gemu da ke da rumfa a Gyadi-Gyadi, gindin darbejiya. Daga baya jama'a sun taru har ba a ganin ƙasa, amma su ba na lissafa su. Bayan an gama suka zo.

Juma'a ce, tsakiyar bazara, irin zafin da tun hantsi ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa. Malam ya daɗe yana jinyar zuciya. Da asibiti suka sallame mu, suka ce mu je gida mu ci gaba da ba shi magani, ni na gane abin da ke bayan maganar. Likitan ya ƙara da cewa a kiyaye shi da zafi da wahala. Wannan ƙarin shi yaron ya riƙe, ya bar sauran.

Malam abu ɗaya ya roƙa: a kai shi ƙauyensu, can gaba da Wudil, ya cika a ɗakin da aka haife shi, a binne shi kusa da iyayensa. Kuma dole da ransa za a kai shi, don shi da kansa ya toshe ɗaya hanyar. Tun yana da ƙarfinsa yake cewa inda mutum ya cika nan ake binne shi, ba a jijjiga mamaci a mota, ba a kuma jinkirta shi. Lokacin da ƙaninsa ya rasu a nan Kano, dangi suka so a ɗauki gawar a kai gida, Malam ya tsaya a ƙofar zaure ya ce sai dai a bi ta kansa. A Tarauni aka binne ƙanin. Yayarsu, wadda ita kaɗai ta rage musu a ƙauye, ta daɗe ba ta amsa gaisuwarsa ba a kan haka. Daga baya suka shirya. Ita ce aka yi wa waya ranar Alhamis, ta ce za ta share ɗakin, ta sa a yanka kaza.

Motar kuwa ta hannu ce, yaron ya saye ta bayan ya gaji da tuƙa ta mutane. Ubansa bai taɓa yin doguwar tafiya a cikinta ba. Malam kurar ruwa ya tura a unguwannin nan har kafaɗunsa suka kanta, daga baya ya koma gadi. Yaron ya sha faɗa a gabana cewa Baba ya sha rana saboda su, ranar da zai kai shi gida, cikin sanyi zai kai shi, gilas a rufe, mutanen gari su fito su gani. Ban taɓa tanka masa ba. Magana ce mai kyau, ba ta cutar da kowa ba sai ranar.

Mun fito da wuri. Aka kwantar da Malam, auta ta zauna gaba, aka rufe gilasai. Yaron ya murɗa esin, sai iska ta fito kamar daga bakin murhu. Ya kashe, ya sake kunnawa. Ya ɗora tafin hannunsa a kan ramukan iskar, ya jira. Maimakon ya miƙe titin Maiduguri, sai na ga ya karya kan mota baya.

Na ce, “Ina kuma za mu?”

“Gyadi-Gyadi, Inna. Gas za a zuba, yanzu-yanzu ne.”

Mai gyaran yana shan koko a kan benci muka tsaya. Ya leƙo ta taga ya ce, “Hajiya, sannu da hanya.”

Na ce, “Makka ban je ba, hanya kuma ban fara ba. Ka duba abin da aka kawo maka.”

Ya yi dariya ya ce, “To Inna, Allah ya kai ki.” Da idonsa ya faɗa kan Malam sai dariyar ta tsaya. Ya ajiye kofin, ya buɗe bonet, ya ɗauko wani abu mai fuska biyu kamar agogo, ɗaya ja ɗaya shuɗi, da igiyoyin roba, ya jona a jikin injin. Ina hango shi ta tsakanin bonet da gilas.

Ya ce, “Oga, babu komai a ciki. Yaushe rabonka da zubawa?”

“Bai daɗe ba.”

“To yoyo take yi. Gas ba fetur ba ne, ba ya ƙarewa don an yi tafiya. In na zuba yanzu za ta yi sanyi, amma ban san inda sanyin zai kai ka ba. Ka bari in nemo ɓular.”

“Ba mu da lokacin nan. Zuba kawai, kullum ai haka ake yi.”

“Kullum haka kuke yi, kullum kuna dawowa. Ni ai kun zama ’yan gida.”

Ya jawo tukunyar gas ya zuba. Aka tayar da mota, aka rufe gilas, sanyi ya sauko mana. Ba zan ɓoye ba, sanyi ne mai kyau. Malam ya buɗe ido, ya ja numfashi, ya ce, “Kamar bakin rijiya da asuba.” Na ga fuskar yaron a madubi. Tun yana ƙarami rabon da in ga haƙoransa haka.

Muka ratsa Tarauni, muka wuce Hotoro. Ni hankalina ba ya kan hanya, yana kan ƙafafun Malam. Na miƙa hannu na taɓa su tun muna garejin, na sake taɓawa a Hotoro. Sun yi sanyi har ƙauri, kuma ba sanyin mota ba ne. Na yi jinyar uwata, na yi ta uwar Malam, na zauna a kan mata da yawa a unguwa har suka cika. Na san wannan sanyin, na san yadda yake hawa. Na duba farcensa, na duba karan hancinsa. Na ce a raina, in aka miƙe ba tsayawa, za mu kai.

Muna dab da Mariri iskar ta fara canzawa. Da farko ta zama ba zafi ba sanyi, sannan ta koma yadda ta fara. Auta ta soma fifita da gefen hijabinta. Yaron ya bugi sitiyari da tafin hannu.

Na ce, “Sauke gilas mu tafi.”

“Inna, kin ji abin da likita ya ce.”

“Likita ba ya cikin motar nan. Ni ce a ciki. Sauke gilas.”

Auta ta ce, “Yaya, ka ji maganar Inna mana.”

“Ke rufe min baki. Ku kalli ranar nan. In na shiga da shi dajin nan a haka wani abu ya same shi, me zan ce wa mutane? A ce na gasa ubana a mota?”

Ba zan iya faɗa masa abin da na gani ba alhali kan Malam na kan cinyata, kunnensa na ji. Na ce masa dai, “Ka miƙe.” Na faɗa sau biyu. Ya samu mahaɗa ya juya. Ina kallo bishiyoyin da muka wuce suka sake wuce mu ta ɗaya gefen.

Da muka koma Gyadi-Gyadi rana ta take. Mai gyaran bai ce ai na faɗa maka ba, na riƙe masa wannan. Ya kaɗa ruwan sabulu a gwangwani, ya ɗan ƙara gas, ya riƙa shafa kumfar a jikin bututan da soso, yana bi a hankali, kunnensa kusa da injin. Ni kuma na sa auta ta karɓi kan ubanta, na fito, na ja yaron bayan mota.

Na ce, “Ubanka tafiya yake yi. Ƙafafunsa sun riga sun tafi. Ba sanyi yake buƙata ba, hanya yake buƙata. Ka sa a rufe bonet ɗin nan.”

Ya kalle ni kamar na zage shi. Ya ce, “Haba Inna, rai a hannun Allah yake. Ki daina faɗin haka. Ɗazu fa ya yi magana, kin ji shi.”

“Na ji shi. Ni ma magana nake yi maka.”

Ya zagaye ni ya koma gaban mota, ya sunkuya kusa da mai gyaran, ya zuba wa bututan ido.

Can mai gyaran ya ce, “Yauwa, ga ɓarauniyar.” Kumfa ce ke tasowa a jikin wani siririn bututu, tana kumbura tana fashewa. Ya ce bututun ya daɗe yana gogar wani ƙarfe har ya huje, ɓular ba ta fi bakin allura ba. Sai an kwance an kai wa mai walda a tsallaken titi.

Na ɗaga murya daga inda nake na ce, “Kai mai gyara, tsakaninka da Allah, motar nan za ta tafi ba tare da abin nan ba?”

Ya dubi yaron, ya dube ni. Ya ce, “Za ta tafi, Inna. Har Maiduguri ma. Sanyi ne kawai babu.”

Yaron ya ce, “Kwance. Tunda an gano, ai an gama.”

Mota tasa ce, uba nasa ne, ni kuma ban iya tuƙi ba. Aka kwance.

Abin da ba wanda ya lissafa shi ne Juma'a. Suna fitar da bututun aka yi kiran farko. Mai walda ya riga ya rufe rumfa ya yi alwala, ya aiko cewa sai an sauko. Kafin mu ankara masu zuwa masallaci sun fara ajiye motoci a bakin garejin, ɗaya bayan ɗaya, da babura, da masu adaidaita, har suka toshe mashigar. Aka shimfiɗa tabarmi da dardumai a kan titi. Ko da yaron ya canza ra'ayi a lokacin, babu ta inda mota za ta fita. Na ga ya gane haka, don ya tsaya yana kallon motocin, bututun a hannunsa. Sannan ya leƙo ya ce, “Baba, za mu yi salla mu dawo, yanzu za mu tafi.” Malam ya ɗaga yatsa ɗaya. Suka tafi shi da mai gyaran.

Aka bar mu mu uku a mota, kan Malam ya dawo cinyata, ƙofofi a buɗe, bonet a ɗage. Inuwar darbejiyar ta janye ta bar rabin motar a rana. Na cire mayafina na rataya a ƙofa don ya tare masa fuska. Wurin warin baƙin mai yake yi da ƙarfe mai zafi. Lasifika na kawo huɗuba, rabi ana ji rabi iska na kwashewa. Auta na yi masa fifita da wani kwali da ta tsinta, ni ina ɗiga masa ruwa a baki da murfin gora.

Ya buɗe ido ya ce, “Mun haye gadar?”

Auta ta yi sauri ta ce, “Mun kusa, Baba.”

Ya juyo da idonsa kaina. “Ke nake tambaya.”

Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa yi masa ƙarya ba, ko a kan gishirin miya. Na ce, “Ba mu haye ba, Malam. Muna Gyadi-Gyadi.”

Ya ce, “Yaron fa?”

“Yana masallaci.”

“To.” Ya daɗe yana neman numfashi. Ya ce, “Sanyin nan na ɗazu, da daɗi.”

Bai ƙara wata maganar duniya ba. Na sunkuya kusa da kunnensa ina faɗin kalmar shahada, leɓensa na bi na. Aka tayar da salla, unguwar duka ta yi tsit, babu hon, babu guduma, sai muryar liman. A cikin wannan shirun ya cika. Na ji nauyin kansa ya canza a cinyata.

Auta ta buɗe baki za ta kurma ihu, na damƙe hannunta. Na ce, “Ba a nan ba. Mutane na salla. Kama min ƙafafunsa.” Na rufe masa ido, na yagi gefen ɗankwalina na ɗaure masa haɓa, muka miƙar da shi iyakar yadda kujerar ta bari. Na sauko da mayafin daga ƙofa na lulluɓe shi. Muka zauna muna jira a sallame.

Sun ɗan jima kafin su dawo, don sun biya wajen mai walda. Yaron ne a gaba, yana sauri, ya ɗago bututun sama yana nuna min daga nesa. Sai da ya zo dab da ƙofa ya ga mayafin. Ya tsaya. Ya dubi ƙanwarsa, ya dube ni. Na ce, “Ya cika ana salla.” Ya zauna a ƙasa, cikin baƙin man nan, da farar rigarsa ta Juma'a.

Masu fitowa daga masallaci suka taru. Kowa na salati, kowa na cewa ya yi kyakkyawan ƙarshe, ranar Juma'a, ana cikin salla, wa zai samu irin wannan. Na amsa musu da amin, don gaskiya suka faɗa. Amma ba wannan ya roƙa ba.

Mai gyaran ya zare bututun daga hannun yaron a hankali. Ba wanda ya sa shi. Ya mayar da shi, ya ɗaure, ya zuba gas, ya sake shafa kumfa ya duba, ya rufe bonet ba tare da ya buga ba. Ya zo ya durƙusa ta wajen ƙofata ya ce, “Inna, Allah ya jiƙansa. Allah ya ba ku haƙuri.” Na ce amin. Ba ni da abin da zan riƙe shi da shi. Ya faɗi gaskiya sau biyu, ba a ɗauka ba.

Da motoci suka janye, yaron ya miƙe ya goge fuska. Ya ce, “Inna, mu kai shi. Yanzu esi na aiki, ba abin da zai same shi a hanya. Kafin magariba mun isa, a binne shi kusa da su Kaka.”

Auta ta ce, “Eh Inna, don Allah. Abin da yake so ke nan.”

Wani dattijo cikin jama'a ya sa baki ya ce ai ana yi, ba haramun ba ne, tunda ba nisa.

Na ce, “Da ransa ya ce a kai shi.” Na dubi yaron. “Kana tsaye ranar da ya tare ƙofa a kan gawar ƙaninsa. Da gemunka a lokacin. Abin da ya hana a yi wa ɗan'uwansa ba za a yi masa ba don ba shi da bakin hanawa. Tarauni za mu.”

“Inna, ki bar ni in yi masa wannan ɗaya.”

“Wanda ya roƙa ya wuce. Tayar da mota.”

Ya tayar. Abin a kunne aka bar shi tun safe, don haka muna hawa titi sanyi ya cika motar, ya fi na farko. Yana kaɗa gefen mayafin da ke fuskar Malam. Auta ta kifa kai a gwiwa. Ba wanda ya miƙa hannu ya kashe, har muka isa ƙofar gida.

Bayan la'asar aka yi masa salla, maza suka ɗauke shi. A maƙabartar da ƙaninsa yake aka sa shi. Auta ce ta kira yayarsa a waya. Tsohuwar ta yi salati, sannan ta ce, “Na fa share ɗakin.” Yaron bai shigo cikin gida ba ranar, bai ci abin da maƙwabta suka kawo ba. Na ji yana gaya wa mijin auta a zaure cewa sayar da motar zai yi, ba zai ƙara zama a cikinta ba.

Washegari da na idar da sallar asuba na dama koko. Takaba ta hau kaina, ba inda zan je, iyakata ƙofar zaure. A nan na same shi zaune a kan dakali, da rigar jiya, makullin motar yashe a ƙasa kusa da takalminsa. Na ajiye masa kofin. Na sunkuya na ɗauki makullin na sa masa a hannu.

Na ce, “Shanye ka tashi. Gwaggonka ba za ta iya hawa motar haya ba, kuma dole ta zo zaman makokin ƙaninta. Ka je ka ɗauko ta.”

Ya ce, “Inna, ba zan iya bin hanyar nan ba.”

“Za ka iya. Jiya ma da ka bi ta.” Ya sunkuyar da kai. Na tsaya a kansa har ya kai kofin baki. Sannan na ce, “Ya tambaye ka kafin ya cika, na ce kana masallaci. Ya ce sanyin da daɗi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. In ka ɗauko ta, ka rufe gilas ka kunna mata, tunda an gyara.”

Ban jira na ga fuskarsa ba. Na koma ciki, na share tsakar gida, na fito da tabarmi na shimfiɗa wa masu zuwa gaisuwa. Ina cikin shimfiɗa ta ƙarshe na ji motar ta tashi.